Wasiƙa Zuwa ga Malam Isiyaku Kan Tafiyar Burazil

Agege, Legas.

Zuwa ga aminina Malam Isiyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da Hajiya Babba, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni, kuma na yi farin ciki ƙwarai da jin cewa kana cikin malaman da za su tashi daga Sakkwato zuwa taro a Sao Paulo. Allah ya sanya alheri. Ka nemi shawarata kan wuraren da ya kamata ka leƙa idan an tashi daga taron, tunda harkar sukari ta kai ni ƙasar bara, shi ya sa na ga ya fi dacewa in zauna in rubuto maka a tsanake.

Abu na farko, kada ka yi kwaɗayin ganin ko'ina. Burazil ta ninka Najeriya wajen sau tara a faɗin ƙasa, kuma tsakanin manyan garuruwanta sai dai jirgin sama, idan ba kana so hutun ya ƙare a kan hanya ba. Sao Paulo gari ne na kasuwanci da dogayen benaye da cunkoson motoci, wanda ya san Legas ba zai ga baƙon abu sosai a cikinsa ba. Ka yi Juma'a a tsohon masallacin da Larabawan Sham suka gina, ka ci abinci a gidajen cin abincinsu inda ba ka da shakkar yanka, sannan ka kama hanya.

Riyo de Janeiro kuwa ta cancanci sunan da ta yi. Duwatsu masu lulluɓe da kurmi ne suka gangaro har bakin teku, garin ya cusa kansa a tsakaninsu. Akwai keken da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe, wanda yake kai mutane ƙolin dutsen Sugarloaf tun 1913, kuma idan ka hau da la'asar sakaliya za ka ga gaɓar Kopakabana ta lanƙwasa tsawon kilomita huɗu, da jiragen ruwa a mashigar teku, da unguwannin talakawa da suka maƙale a jikin tsaunuka daf da gidajen masu hali. Abin da ya fi burge ni shi ne dokar ƙasar ta mayar da bakin teku mallakar kowa. Babu ƙofa, babu mai karɓar kuɗin shiga, ɗan dako da attajiri rairayi ɗaya suke takawa. Wannan ya tsaya mini a rai, domin mu nan tun da aka cike Bar Beach aka fara gina Eko Atlantic, da wuya talaka ya kai 'ya'yansa kallon teku ba tare da ya biya a bakin ƙofa ba. Sai dai shigar mutane a wurin ba irin wadda idonmu ya saba da ita ba ce, don haka ka fita bayan sallar asuba, lokacin da ba kowa sai masu motsa jiki da masunta da masu share rairayi. Kada ka riƙa fito da waya a fili, kada kuma ka ɗauki fasfo idan za ka gaɓar ruwa.

Amma idan kwanakin sun yi kaɗan, har ya zama dole ka zaɓi gari ɗaya, to ina roƙonka ka bar Riyo ka tafi Salvador da ke jihar Bahiya. Wannan shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. Garin shi ne babban birnin ƙasar na farko, daga 1549 har zuwa 1763, kuma ta tashar jirgin ruwansa aka shigar da ɗimbin bayi daga gaɓar nan tamu, daga Eko da Badagiri da Wida. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo, Hausawa da Yarbawa Musulmi masu yawa sun faɗa hannun masu fataucin bayi aka tsallaka da su can. A 1807 hukuma ta gano wani shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla, kuma wasu tawayen sun biyo baya a shekarun da suka zo. Mafi girmansu shi ne na Janairun 1835, a ƙarshen watan Ramadan, lokacin da ɗaruruwan Musulmi, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan garin cikin fararen riguna. Kafin gari ya waye an murƙushe su. A jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu ɗauke da ayoyi da addu'o'i da rubutun Larabci, kuma wasu daga cikin takardun suna nan a gidan adana tarihi na jihar har yau. Kai da ka ƙare rayuwarka kan rubuce-rubucen malaman Sakkwato, ban ga wanda ya fi ka cancantar ya tsaya a kansu ya duba irin hannun da ya rubuta su ba.

Tsohon garin yana kan tudu, kasuwa da tashar ruwa suna ƙasa, kuma akwai na'urar hawa da sauka da ta haɗa su tun 1873. A sama akwai unguwar Pelourinho, mai titunan dutse da gidaje masu fenti kala-kala, inda a da ake ɗaure bayi a dandali ana yi musu bulala. A wani lungu na wannan unguwa na tsaya gaban wata dattijuwa baƙar fata, sanye da farar riga mai faɗi da ɗankwali, tana zaune gaban kasko tana ɗebo ƙullun wake da cokali tana sakawa cikin manja mai tafasa. Ƙosai ne, babu ko tantama, sai dai nasu ya fi namu girma, suna tsaga shi su cusa yaji da busasshen jatan lande. Na saya na ci a tsaye, ita ba ta jin Turanci, ni ba na jin Fotugis, amma da na nuna ƙirjina na ce Najeriya, sai ta dafa nata ƙirjin ta yi murmushi, ta ƙara mini ɗaya. Akwai ƙaramar cibiyar Musulunci a garin inda ake sallar Juma'a. Da yamma kuma ka gangara Porto da Barra, inda ruwan yake kwance babu igiya mai ƙarfi, ka sha ruwan kwakwa mai sanyi ka jira faɗuwar rana kusa da tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jirage hanya.

Wuri na uku shi ne magangarar ruwa ta Iguwasu, a kan iyaka da Ajantina. Ka tuna yadda muka tsaya baki buɗe a Gurara lokacin da muke ɗalibai? To, a nan magangara wajen 275 ne suka jeru a faɗin kusan kilomita uku, kuma mafi girmarsu tana zubowa daga tsayin mita 80. An yi wata gada ta ƙafa da ke kai mutum har tsakiyar kogin, inda rugugin ruwan yake hana ka jin maganar na kusa da kai, feshi ya jiƙa ka sharkaf, bakan gizo ya tsaya ƙasa da ƙafafunka. Na ga wasu ƙananan tsuntsaye baƙaƙe suna kutsawa ta cikin ruwan da ke zubowa, domin sheƙarsu tana jikin dutsen da ke bayansa. Ban iya cewa komai ba sai tasbihi. Ka sayi rigar leda tun daga ƙofa, ka kuma riƙe jakarka da kyau, saboda akwai wasu dabbobi masu dogon hanci da jela mai zobe-zobe da ba sa tsoron mutane, suna warce abinci daga hannu. Garin Foz da ke kusa yana da Larabawa da yawa da babban masallaci fari mai ƙubba, don haka sallah da abinci ba za su ba ka wahala ba.

Game da abinci a sauran wurare, ka kiyayi wani dafaffen baƙin wake da suke alfahari da shi, domin da naman alade ake haɗa shi. Ka tsaya kan kifi, musamman wanda ake dafawa da manja da madarar kwakwa a Bahiya, da shinkafa da soyayyen garin rogo, wanda ba ya rabuwa da teburinsu, tunda asalin rogo ma daga can aka kawo mana shi. Ka tanadi katin rigakafin zazzaɓin shawara, ka sauke manhajar fassara a wayarka, ka kuma tuna muna gabansu da awa huɗu idan za ka kira gida. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin zafinsu, kuma a lokacin masauki ya fi tsada.

Tunda ta Legas za ka tashi, ka zo da kwana biyu a hannu ka sauka a wurina. Ina so in kai ka cikin Eko, unguwar Popo Aguda, inda 'yantattun bayin da suka dawo daga Burazil suka zauna da zuriyarsu, ka ga irin ginin da suka zo da shi, mu kuma yi azahar a masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, wanda magini daga cikin waɗanda suka dawo ɗin ne ya tsara shi. Ka turo mini ranar tashinka da zarar biza ta fito, domin in nemi hutu a wurin aiki.

Ka gaishe mini da Hajiya Babba da uwargida da yara, da Malam Bello idan kun haɗu. Mutanen gidana duk suna gaishe ka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Wassalam.

Naka amini,
Habibu