Godiya ga ofishin taimakon shari'a kyauta na Gadarif

Assalamu alaikum.

Ni uwar marayu huɗu ce. Mun baro garin Wad Madani na ƙasar Sudan a Disambar 2023, lokacin da yaƙi ya shigo gari, daga mu sai kayan jikinmu. Takardar aurena da takardun haihuwar yara duk muka baro su a akwati ƙarƙashin gado. Ba mu daɗe da sauka Gadarif ba Allah ya yi wa maigidan rasuwa. Ko takaba ban fita ba, wani ɗan'uwansa ya ce gonar riɗin marigayi tasa ce, ni kuwa ba ni da ko ƙyallen takardar da za ta nuna an taɓa ɗaura mini aure.

Maƙwabciyata ce ta raka ni ofishinku. Na yi zaton lauya kaɗai zan tarar, sai ga shi tebur ɗaya da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a.

Ustaz lauya, Allah ya saka da alheri. Kai ka nemo dattawa biyu da suka halarci ɗaurin aurena suka ba da shaida, har kotu ta fitar da takardar magada: tumunina a rubuce, rabon kowane yaro a rubuce. Ko kuɗin mota ba ka karɓa ba.

Ustaza, ke kuma sai da kika tako har rakuba, wato rumfar da muke kwana. Ban faɗa miki murhunmu ya kwana biyu babu wuta ba, kunya ta hana ni. Da idonki kika gani. Kika rubuta wa Diwanin Zakka rahoto, kika bi shi da ƙafa, kika kuma sa aka karɓi babbar 'yata a makaranta kafin takardunta su fito.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da kuka yi gardama a gabana. Lauya yana son a kai ƙarar gonar nan take. Kika ce masa a dakata, mutumin nan baffan yaran ne, gobe shi zai ba da auren 'yan matan. Ustaz ya yi shiru, can ya ce to, amma takardar kotu na aljihunsa. Haka aka yi zaman sulhu gaban dattawan unguwa, baffan ya sauko, aka rubuta aka sa hannu. Ni dai a lokacin haushin Ustaza na ji, Allah ya gani.

Bana an yanke riɗi, baffan da kansa ya kawo wa yaran rabonsu, har ya zauna ya sha shayi.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya muku zuri'a.

Wassalam,
Uwar marayu, Gadarif