A Kula da Mazubin Ƙasar da Za a Kai Gwaji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin ƴan uwana manoman Damagaram kan kuskuren da ni kaina na tafka. Bara na ɗebi ƙasa daga gonata ta gero kusa da Mirya domin a auna ƙarfinta, na zuba a tsohon buhun takin NPK wanda kakkaɓewa kawai na yi. Sakamakon ya nuna ƙasar ta ƙoshi da fosforas, ɗaya daga sinadaran da ke cikin takin NPK, alhali gerona a tsumbure yake, domin garin takin da ya maƙale a saƙar buhun shi aka auna.

Bokitin ƙarfe mai rufin zinki yana ƙara wa ƙasa zinki, buhun kanwa ko na siminti kuwa yana ɓoye tsaminta. Ɗanyar ƙasa da aka ɗaure a leda aka bari a rana ma, naitirojin ɗinta yana canzawa kafin ta isa ɗakin gwaji.

Ina roƙon malaman gona da cibiyar binciken aikin gona ta Nijar (INRAN) su riƙa koya mana amfani da bokitin roba mai tsabta, da shanya ƙasar a inuwa, da zuba ta a sabuwar leda.

Naka,
Wani manomi daga Zinder