Tun damina ake shirin tseren keken hunturu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da matasanmu 'yan keke na nan Maradi da kewaye, da kuma manya masu faɗa a ji a harkar wasanni, a kan tseren nan da ake kira siklokros. Kakarsa a Turai tana buɗewa ne wajen watan Satumba ta rufe cikin Fabrairu, ka ga ke nan daidai lokacin da mu nan ake yankan gero har zuwa ƙarshen hunturu, kuma abin da ke damuna shi ne duk shekara sai sanyi ya sauko sannan za ka ji samari suna cewa a haɗa tsere a haɗa tsere, alhali ba wanda ya shirya jikinsa balle kekensa. Maganata guda ce, wanda ke son ya yi tseren Disamba to yanzu cikin damina zai fara, in ya bari sai hazo ya rufe gari ya makara.

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, wannan ba tseren kwalta ba ne irin Tour du Faso da maƙwabtanmu na Burkina ke yi tun 1987. Fili ake shatawa, zagaye guda bai wuce kilomita 2.5 zuwa 3.5 ba, a bi ta ciyawa da taɓo da rairayi da gangare da hawa, a gitta katako a hanya wanda tsawonsa bai haura santimita 40 ba, mutum ya diro ya ɗauki kekensa ya tsallaka ya sake ɗarewa ba tare da ya tsaya ba. Manyan maza suna yin wajen awa guda suna zagayawa, mata da yara ƙasa da haka. Awa guda kawai, amma wallahi babu wurin hutawa a cikinta ko na numfashi biyu, tunda ba ka da ayarin da za ka laɓe bayansa iska ta rage maka wahala kamar yadda ake yi a kwalta. A Faransa aka fara gasar ƙasa ta farko a 1902, gasar duniya kuma a 1950 a Paris, Jean Robic ne ya ci. Yau 'yan Beljiyam da Holan ne suka riƙe wuyan abin. Erik De Vlaeminck na Beljiyam ya ci duniya sau 7, aka daɗe ba wanda ya kamo shi sai a 2025 da Mathieu van der Poel na Holan ya cika nasa bakwai a garin Liévin na Faransa, a ɓangaren mata kuma Marianne Vos ta ci sau 8.

To me ya haɗa Bamaraɗe da wasan mutanen ƙanƙara? Rairayi. Filayen da aka fi ji da su a can, irin Koksijde da ke bakin teku a Beljiyam da ramin yashin Zonhoven, duk rairayi ne ya sa suka yi suna, wasu wuraren ma mota ake sa wa ta kawo yashi a zuba don a samu inda 'yan tsere za su sha wuya. Mu kuwa Allah ya ba mu kyauta. Gulbin Maradi in ya ƙafe bayan damina yashi ne shimfiɗe iya ganinka, ga gaɓa mai hawa da sauka, ga fadama da ke riƙe laima har cikin sanyi, ga hanyoyin shanu da amalanke tsakanin nan da Tibiri da Jiratawa da Madarunfa. Duk yaron ƙauyen da ke zuwa lekol a kan keke ya san yadda ake dirowa a tura in yashi ya kama taya, ya san yadda ake saɓa keke a kafaɗa a tsallake ƙorama. Abin da ya rage masa a koya mishi yin haka da gudu da tsari.

Shiri na farko jiki ne kuma shi ya fi cin lokaci. Watannin Yuli da Agusta ba na gudun tsiya ba ne, na tara ƙarfi ne, mutum ya fita bayan sallar asuba ya yi awa ɗaya da rabi ko biyu a hankali, irin tafiyar da zai iya hira da na kusa da shi ba ya haki. Matasa ba su son wannan, kowa so yake ya nuna ya fi wani tun daga fitowa gari, sai ka ga an yi sati biyu ana kashe kai an gaji an watse. Sai an shiga Satumba ne ake fara sa wuta, a taka da iyakar ƙarfi minti ɗaya ko rabin minti a sassauta a sake, haka haka har jiki ya saba da tashi da faɗuwar numfashi, domin kuwa haka tseren yake, kowace kwana sai ka rage gudu kuma kana fitowa sai ka sake tayar da keke daga tushe. A haɗa da gudun ƙafa sau biyu a sati, ba mai nisa ba, minti ashirin ya isa, amma a nemi gangare a hau shi da keke a kafaɗa. Ɗan keken da bai saba gudu a ƙasa ba ranar da ya fara sharaɓarsa sai ta yi kwanaki tana ciwo, gara ta yi ciwon yanzu da ta yi ranar tsere.

Akwai kuma abin da Baturen Beljiyam bai sa a lissafinsa ba amma mu dole mu sa, zazzaɓin cizon sauro. Daga Agusta zuwa Oktoba ne ya fi kwantar da mutane a nan, daidai tsakiyar shiri, kuma wanda ya kwanta sati guda sai ya yi kamar wata kafin ƙarfinsa ya dawo. Don Allah samari a kwana cikin gidan sauro, in jiki ya yi zafi a je likita a yi gwaji, kada a ce za a hau keke zufa ta fitar da shi. Zafin Oktoba ma ba wasa ba ne, a fita da sassafe ko bayan la'asar, a ɗauki ruwa. Abinci kuwa ba sai na kanti ba, fura da nono, wake, ƙuli-ƙuli, dambu da zogale, dabino a aljihu, sun wadatar. Sannan maganar tramol, ba zan ɓoye ba tunda kowa ya san ana sha don wai a ji ƙarfi. Hukumar keke ta duniya UCI ta hana shi a gasa tun 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ita ma ta sa shi cikin haramtattu daga 2024. Mutumin da zai gangaro gaɓar gulbi da gudu kansa a juye, kansa zai kashe ko ya kashe na bayansa. Duk tseren da za mu haɗa ya kamata a faɗa tun farko cewa mai shan wannan ba ya ciki.

Yanzu sauka da hawa, wanda nan ne ake cin tsere ko a faɗi, kuma shi ne abin da ba ya buƙatar ko dala. Ana sauka ta hagu saboda sarƙa tana dama. Kana tunkarar katako sai ka ɗago ƙafar dama ka zagayo da ita ta bayan sirdi, keke na tafiya kana tsaye a kan fedar hagu, hannun dama ya bar kan keke ya kama ƙarfen sama, ka diro ƙasa da gudu, ka ɗaga, ka tsallake, ka ajiye keken a hankali kada ya yi tsalle sarƙa ta zame. Wajen hawa kuma ba a faɗawa sirdi da tsakiyar jiki, wanda ya gwada ya san dalili, cikin cinyar dama ake fara ɗorawa sannan a zame a zauna. Na tsaya na kalli wani yaro ɗan shekara goma sha wani abu a bayan unguwarmu yana koyon wannan da tsohon keken babansa mai birkin ƙarfe, ya jera bulo biyu ya ɗora kara a kai, da farko sai ya yi ɗan taku biyu uku da ƙafar hagu kafin ya hau, yana ɗingishi kamar zakaran da ya taka wuta, kafin magariba ya daina, yana ɗarewa cak da tafiya ɗaya, ƙannensa na gefe suna ihu. A fara da tafiya, sannan sassarfa, sannan gudu, kullum minti goma sha biyar bayan an dawo daga hanya.

Yashi shi ma da nasa karatu. Ana shigarsa da gudu, a mayar da nauyi baya, a sassauta riƙon kai a bar tayar gaba ta bi sawun da na gaba ya bari, ido yana can nesa ba a kan taya ba, kuma ƙafa kada ta daina juyawa. Da ka ji gudu ya mutu kada ka tsaya kokawa da shi, diro ka saɓa ka ruga, sau da yawa mai gudu a ƙasa yana wuce mai nacin takawa.

Sai keke. Nan ne ake karya wa yara gwiwa, a nuna musu hoton keken Van der Poel a waya a ce in ba ka da irinsa ba ka fara ba. A manyan gasa gaskiya ne akwai doka, faɗin taya kada ya wuce milimita 33, kuma kowane babban ɗan tsere yana da keke biyu ko uku da makanikai a gefen fili, ya miƙa mai taɓo ya karɓi wankakke yana cikin gudu. Mu ba mu kai nan ba kuma ba dole sai mun kai ba kafin mu fara, ko a Turai da Amurka ƙananan tsere suna barin sabon shiga ya zo da keken duwatsu mai faɗin taya. Kekunan gwanjo da ke cikin kasuwa sun isa, a cire kariya da mazaunin kaya da jik da duk wani ƙarfe da zai iya yankar mutum, a gyara birki gaba da baya, a sa taya mai gurzo. Iska kuma a rage, wannan ne mutane ba su yarda da shi, mai faci ya saba ya ɗura taya ta yi tauri kamar dutse, alhali a yashi taya mai laushi ce ke shimfiɗuwa ta hau sama, manyan can suna tsere da iska ƙasa da bar 2 a ma'aunin iskar taya. Amma mai tub a ciki kada ya rage har ƙarfen wili ya riƙa dukan ƙasa, zai tsaga tub ɗin. A gwada a filin da za a yi tseren, a matsa da babban yatsa a riƙe yadda aka ji.

Babban abokin gabarmu a nan ƙaya ce. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, ga kututturen karan gero bayan girbi da ke yanka gefen taya. Dabarar da masu faci suka sani tun da, a yanka tsohon tub a shimfiɗa shi cikin taya kafin a sa sabo, tana ƙara nauyi kaɗan amma tana ceton tsere. Sarƙa kuma don Allah a daina yi mata wanka da baƙin mai, yashi yake kamawa ya zama abin niƙa ya cinye haƙoran giya cikin wata biyu. A wanke da kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a goge da tsumma har ta kusa bushewa. Hular kwano kuwa ba a ma tattauna ta, ba hula ba tsere.

Ƙura ta hunturu ita ma a yi mata tanadi, ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango ƙarshen layi a haƙura da atisaye mai tsanani, masu asma su riƙe maganinsu kusa.

Abu na ƙarshe da nake so manya su ji shi ne fili, don shi ma tun yanzu ake nemansa. Gulbi ba a shigarsa sai ruwa ya janye sarai, kuma gonakin mutane ba a taka su kafin a kwashe amfani, bayan girbi ma akwai dabbobin da ke shigowa cin kara, saboda haka sai an zauna da masu gona da mai gari an yi magana an tsayar da rana. Dubi yadda ake yi wa kokawa, kafin gasar takobi kowace jiha sai ta tace 'yan kokawarta ta tara su wuri guda ana ciyar da su ana horar da su, shi ya sa filin kokawa na Kantu ke cika maƙil. Keke bai nemi ko kusa da wannan kuɗi ba. Kuma kada wani ya ce baƙar fata ba ya keke, Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ɗauki koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a babban tseren kwalta na Tour de France na 2024, Ruwanda kuma ta karɓi gasar duniya ta kwalta a Kigali a 2025, karon farko a Afirka.

Roƙona ga ofishin wasanni na jiha da magajin gari da hukumar keke ta ƙasa da 'yan kasuwarmu masu taimako, a ware mana wuri guda a bakin gulbi, a ba mu turaku da igiya na shata zagaye mai faɗin mita 3, da katako biyu, da ma'aikacin lafiya ɗaya da akwatin magani ranar tsere, a raba yara da manya, a buɗe wa 'yan mata nasu rukuni in iyaye sun amince. A sanar da ranakun tun cikin Satumba, Lahadi huɗu ko biyar tsakanin Disamba da Janairu, don kowane yaro ya san ranar da yake yi wa shiri, shugabannin lekol kuma su samu lokacin sanar da ɗalibansu.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Mai karatunku,
daga unguwar Zariya, Maradi