Baƙinku Sun Sauka a Wajenmu

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin Holan? Nan ma hunturu ya kankama, da sassafe hazo kan ɓoye Dala gaba ɗaya.

Na ga hotunan da ka turo daga bakin Tekun Wadden na arewacin Holan tun kaka, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sun rufe laka suna caccaka. Ka ce da sanyi ya shigo da yawansu sun ɓace. To, wasunsu suna wajenmu.

Makon jiya na ari madubin hangen nesa, na bi hanyar Haɗeja har dausayin Nguru. Wani masunci ya ɗauke ni a kwalekwale bayan asuba. Mun wuce zalɓe da kirinjijiya, 'yan gida ke nan. Can a wata gonar shinkafa da aka girbe sai ga garken baƙin, tsuntsayen da Turawa ke kira ruff, masu launin ƙasa, suna tsintar tsabar da ta zube. A arewacin Turai da Saberiya suke ƙyanƙyasa, su ƙetare Sahara su yi hunturu a nan. Lokacin aure namijin kan fito da gashin wuya kamar mai naɗin sarauta, amma nan da tufafin aiki yake zuwa. Wallahi na fi awa guda ban ce uffan ba. Mu da muka tashi muna murnar zuwan shamuwa, ashe akwai matafiyan da suka fi ta nisan zango.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Ta toshe hanyoyin ruwa har sai da muka juya sau biyu. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika dausayin ta ragu, ruwa kuma ya daina ɗaukewa da rani a wasu magudanai, ciyawar ta samu wurin zama. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da muke ci a Kano, da wannan ruwan ake noma su. Ban iya haɗa ido da masuncin ba da na tuna haka.

Idan Afrilu ya zo, don Allah ka leƙa filayen lardin Firisland na nan Holan ka gaya mini ko tsuntsayen sun iso. In za ka zo da Sallah, ka taho mini da madubi nawa na kaina.

A gaida uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka