Kafin ka sake canza boris

Kakuri, Kaduna, daren Lahadi

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka. Mu a nan sai godiyar Allah, illa hazo da ya sauko da ƙarfi a makon nan.

Tun da muka yi waya ran Juma'a maganar famfon nan naku ta tsaya mini a rai. Ka ce cikin wata uku kun canza masa boris sau biyu, ga sil, abin da ke tare ruwa kada ya fita, yana yoyo, oganku kuma ya ce boris ɗin jabu ne, za a sallami mai kawo kaya. Na so in tanka a lokacin, amma ƙarar injuna a bayanka ta yi yawa, kuma ba magana ce ta minti biyu ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Jabu akwai shi a kasuwa, ban musa ba. Amma idan boris ya mutu sau biyu a jere a gefe ɗaya, gefen da ke kusa da kofilin, wato mahaɗin moton lantarki da famfo, sil ma ya bi sahu, to an bar jaki ana dukan taiki. Ina kyautata zaton shaf ɗin moto da na famfo, wato sandunan ƙarfen da ke juyawa, ba su kan layi ɗaya. Je ka duba ƙarƙashin murfin kofilin. In ka tarar da baƙin gari kamar toka, robar ce take cinyewa, kuma ba ta cinyewa a banza.

Ka karanta farantin da ke jikin moton. Ka ce mini mai sauri ne, to za ka ga an rubuta kusan juyi 2950 a minti. Ka buga lissafi: juyi sama da miliyan 4 ke nan a kwana ɗaya. Idan shaf ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa tsayi, ko kuma sun haɗu a karkace, a kowane juyi sai an tanƙwara ƙarfen an sake shi, kuma boris da sil ne ke ɗaukar wannan wahala. A irin wannan gudu, kaucewar da aka yarda da ita ba ta wuce wajen milimita 0.05 ba. Silin gashin kanka ya fi haka kauri. Ido ba ya ganinta, rular ƙarfe da aka ɗora a kan kofilin ma ba ta ganinta. Masu cewa ai kofilin mai roba ne, zai shanye, sun faɗi rabin gaskiya. Robar za ta jure na ɗan lokaci, amma nauyin da take turawa cikin boris yana nan.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba. Ina da shekara huɗu da fara aiki a wata masaƙa a nan Kakuri, aka ba ni famfon ruwan sashen rini. Na sa sabon boris, na daidaita da agogon awo, mai allurar nan da ke nuna ɗan ƙanƙanin motsin ƙarfe, lambobi suka yi kyau, na ɗaure notina na tafi gida ina jin na iya. Kafin wata biyu ya ƙone. Na sake, ya sake ƙonewa, wannan karon cikin dare, rini ya tsaya, yadi mai yawa ya lalace a cikin tukunya. Akwai wani tsohon fita, wato mai haɗa injuna, da muke kira Baba, Allah Ya jiƙansa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗora bakin agogon a kan ƙafar moto ta baya, ya ce in kwance notin nan shi kaɗai, a hankali. Ina kwancewa allurar ta fara tafiya, ta wuce layi 10, ta wuce 20, sai da ta tsaya kusa da 30, wato wajen milimita 0.3. Ya zura siririn ƙarfen awo a ƙarƙashin ƙafar, ya shige salin-alin. Ashe moton a kan ƙafa uku yake tsaye, kamar kujerar da ke gurgunta. Duk sanda na ɗaure notin nan, murɗe jikin moton nake yi da hannuna, gidan boris ya karkace tun kafin a kunna wuta. Har yau ina ganin allurar nan. Ranar na yi kuka a bayan sito, saboda asarar ta hannuna ta fito, kuma an yanke wa wasu mutane kuɗin aikin dare a dalilina.

Don haka kada ka fara da kofilin, fara da ƙafafu. Ka ɗaga moton, ka kankare tsatsa da tsohon fenti da busasshen giris daga kan gindin, ka goge tas. Sannan ka gwada ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sauran ukun suna ɗaure. Wadda ta ɗaga fiye da milimita 0.05, cike ta da shim tukuna, wato siririn fallen ƙarfe da ake sawa a ƙarƙashin ƙafa. Kuma shim na gaske, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Na sha ganin an yanka gwangwanin madara an cusa, bayan damina ɗaya ya zama gari, inji ya zauna. Kada ka jera fiye da uku ko huɗu a ƙafa ɗaya, don in sun yi yawa laushi suke yi kamar katifa. Ka duba kankaren gindin ma, ko ya tsage, ko kusoshin da aka dasa suna motsi.

Bayan ƙafa sai bututu. Wannan shi mutane suka fi mantawa. Ka sa agogo a kan shaf ɗin famfo, ka kwance notocin bakin bututu. Idan allura ta motsa, ko bututun ya yi tsalle gefe, to shi ne yake jan famfon. Bakin bututun da sai an sa sarƙa an jawo shi kafin ramukan noti su haɗu, ba a gama aikinsa ba. A kira mai walda ya gyara, a sa masa matokari. Famfo ba ginshiƙin rataye bututu ba ne.

Na san kamfaninku ya sayi na'urar leza, kuma na yi murna, don tana rage lissafi da ɓata lokaci. Amma ita ma abin da aka nuna mata take faɗa. In sarƙarta ta yi sako-sako a kan shaf, ko an ɗaura ta a kan datti, za ta ba ka lamba mai kyau a kan ƙarya. Ka iya agogon awo da hannunka ko don ranar da batir zai mutu. Ka juya shaf biyun tare, ka karanta sama, dama, ƙasa, hagu. Ka haɗa na sama da na ƙasa, ka haɗa na dama da na hagu. In jimillar biyu ba ta zo ɗaya ba, wani abu ya motsa, sake daga farko. Ka tuna sandar da ke riƙe da agogon tana ɗan lanƙwasa idan ta koma ƙasa, sai ka auna wannan a kan wani miƙaƙƙen bututu ka cire shi daga lissafi. Moto ake matsarwa, famfo yana inda bututu ya same shi. Gyara tsayi tukuna da shim, sannan gefe da gefe da kusoshin turawa. Ban yarda ka sa guduma a ƙafar moto ba. In ka ɗaure notoci, a giciye, sake aunawa, domin awon da ake rubutawa shi ne na bayan ɗauri.

Akwai kuma zafi. Ƙarfe yana miƙewa kusan milimita 0.012 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Famfon ruwan zafi wanda tsakiyar shaf ɗinsa ke milimita 400 daga gindi, idan ya hau da digiri 50, zai ɗaga da kusan 0.24. Ka ga wanda ya yi daidai da sanyin safiya ya kauce kafin azahar. Littafin da ya zo da injin yakan faɗi tazarar da za a bari tun yana sanyi. Ka neme shi a ofis, kuma in inji ya yi wasu awanni yana aiki, a tsayar a sake aunawa da zafinsa.

Giris kuwa, yawansa ma cuta ne. Yaro ya kama famfon giris ya yi ta bugawa har ya fito ta gefe, yana ganin alheri ya yi, alhali boris zai yi ta dama shi yana zafi. Ka bi adadin da aka rubuta, kada ka gauraya iri biyu, ka goge kan nonon da giris ke shiga ta cikinsa kafin ka sa, musamman yanzu da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Sabon boris kada a fasa ledarsa sai lokacin sawa. A ɗumama shi zuwa wajen digiri 110 ya shige da kansa, ba da harshen wutar walda ba, ba da duka ba.

Kullum da safe ka zaga injunanka kafin ka zauna. Ɗora bayan hannu a gidan boris, kafa bakin sukudireba a jikinsa ka sa kunne a ƙotar. Lafiyayye shuu yake yi sumul, mai ciwo kamar an zuba masa yashi. In kuna da na'urar auna girgiza, rubuta lambar kowane mako a littafi ɗaya, har da ta tsawon shaf, don kaucewar layi ta can ta fi nuna kanta. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai, sai an jera ta da ta makon jiya.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da oga zai tsaya a kanka yana duba agogo, yana cewa a haɗa haka nan, kaya na jira. Ka yi masa ladabi, shugabanka ne, shi ma wani ne ke matsa masa. Ka nuna masa lambar da ka samu da wadda ake so, ka faɗi awa nawa kake buƙata. In ya dage a kunna, ikonsa ne, amma ka rubuta abin da ka auna yadda yake. Kada ka sa hannu a kan lambar da allura ba ta nuna maka ba, Abba, ko da aikin ne zai tafi. Shi ma mai kawo kayan nan da za a sallama yana da iyali. In ba laifin kayansa ba ne, ka faɗa.

Sannan, don Allah, kafin ka taɓa kofilin ka kashe wuta daga babban makunni, ka sa kwaɗonka, makulli a aljihunka, ka danna maɓalli ka tabbatar ba ya tashi. Kada ka dogara da “ai na gaya musu”. Ka mayar da murfin kofilin kafin a kunna, ko na gwajin minti ɗaya ne, kuma ban da riga mai faɗin hannu. Ka san abokina da kuke gaisarwa a masallaci mai yatsu uku a hannun dama.

Na ciro agogon awona daga akwati, na goge shi, allurarsa tana komawa sifiri lafiya lau. Zan ba ƙaninka ya taho maka da shi ran Laraba, tare da ƙullin yaji da daddawa daga mahaifiyarka. Tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yara. In ka gwada ƙafafun nan huɗu, ka kira ni ka faɗa mini abin da kowace ta nuna, ko da dare ne.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare hannunka.

Ni ne mahaifinka.