Zuwa ga Yaya, kan jikin Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Baba? Auta ce ta faɗa min ƙafafunsa sun kumbura, kuma in ya ɗan taka sai ya tsaya yana haki. Me ya sa ban ji daga bakinka ba? Tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

Na turo kuɗi jiya. Na Baba ne, Yaya, na asibiti da na cefanensa, kada a taɓa su don wata hidima. A kai shi likita ya duba zuciyarsa, a auna jini da sukari da kitsen jini, a sayo na'urar awon jini a ajiye a gida. In yana kai 140/90, hawan jini ne, ko da yana cewa garau yake.

Na san abin da zai ce, wai wanda ya kwana a filin daga ba ƙaramin abu ke kayar da shi ba. Gaskiyarsa, kuma ko a nan da shi nake alfahari. Amma lokacin da yake aikin soja gudu yake da kaya a baya, jiki na ƙona duk abin da ya ci. Yanzu ya yi ritaya, yana zaune, cin bai ragu ba, ga tabar da ya koya a bariki, ga rashin barcin da ya dawo da shi. Haka kitse ke taruwa a jijiyoyin jini har ya toshe su.

Don Allah Inna ta ware masa tukunyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. A rage masa soye-soye da nama mai kitse da lemon kwalba, a ƙara ganye, wake, kifi da 'ya'yan itace. Kada a ce masa an hana shi, ka san halinsa, ku ci tare da shi.

Ni lafiya lau, aiki ne kawai da sanyi. Da ina gida da ni zan kai shi, wannan ke cin raina.

In ya ji ciwon ƙirji ko numfashi ya sarƙe, ko tsakar dare ne a tafi asibiti. Kuɗin nan na Baba ne, na sake faɗa. Ka turo min hoton takardar likita. A gaida Inna da yara.

Ƙaninka