Manhajar kyauta da tsoron da ake yi mata

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato yadda mutane ke gudun manhajojin kwamfuta na kyauta waɗanda kod ɗinsu, wato rubutun umarnin da aka gina su da shi, a buɗe yake wai suna tsoron bairos, amma kuma su je su rungumi abin da ya fi komai haɗari hankalinsu kwance.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abokina da ya sayi sabuwar laftof kwanaki, ya ce in zo in saka masa abin rubutu da na lissafi, na ce to bari in saka maka LibreOffice kyauta ce kuma za ta yi maka duk abin da kake so, sai mutumin nan ya kada baki ya ce a'a shi fa ba ya son kayan banza, ai banza ba ta kai zomo kasuwa, duk abin da aka ce kyauta ne to akwai lauje cikin naɗi. Na ce shikenan. Wallahi ko kwana ba a yi ba sai ga shi ya je wani shafi ya sauke kirak ɗin wata manhaja ta kuɗi, wato kwafin da aka fasa dan a yi amfani da shi ba biya, kuma umarnin farko da aka rubuta masa a ciki shi ne ya kashe anti-bairos ɗinsa kafin ya instola, ya kuma kashe ɗin da hannunsa! Bayan kamar sati biyu aka fara shiga imel ɗinsa ana canza masa fasawod ɗaya bayan ɗaya. Kaga shi a lissafinsa LibreOffice ce abin tsoro, wadda ɓarayi suka fasa suka ba shi kuma ita ce ta kirki.

Inda ake samun ruɗani shi ne kalmar kyauta ɗin nan abu uku take rufewa, mutane kuma sun haɗa su a buhu guda. Akwai manhajar kuɗi da aka fasa ake rabawa, wannan sata ce kawai, kuma wanda ya ɓata dare yana fasa ta ba don yana ƙaunarka ya yi ba. Akwai wadda kamfani ya bayar ba ka biya ko sisi amma kod ɗinta a rufe, ba wanda ya san me take yi a cikin na'urarka sai su, wata talla za ta cika ka da ita wata kuma bayananka take kwasa. Sai ta ukun wadda ita nake magana a kai, wadda aka wallafa kod ɗinta kowa ya gani, kana da izinin ka yi amfani da ita yadda kake so, ka karanta yadda aka gina ta, ka gyara, ka kuma ba wani kwafi ba tare da ka karya wata doka ba.

Kuma ba jiya aka fara ba. Tun 1983 wani Ba'amurke Richard Stallman ya sanar da aikin GNU na gina tsarin kwamfuta da irin wannan manhaja, a 1985 ya kafa gidauniyar Free Software Foundation, shi ne ma ya yi ta nanata cewa maganar 'yanci yake yi ba maganar farashi ba. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fito da Linux, wato ginshiƙin tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, wanda yau shi ne a ƙarƙashin duk wayar Android da ke hannun mutane, shi ne kuma ke riƙe da mafi yawan sabobin intanet, wato kwamfutocin da shafuka ke zaune a kansu. To wanda ke cewa ba ya yarda da kayan kyauta, yana faɗin hakan ne da wayar da ke tafiya a kan kayan kyautan, abin dariya. A kwamfutar gida kuwa ga Firefox na shiga intanet, ga VLC da kusan kowa ke kallon bidiyo da ita wadda ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, ga GIMP na gyaran hoto, ga 7-Zip, ga Audacity na gyaran sauti, ga Thunderbird na imel, da yawa mutane suna amfani da su shekara da shekaru ba su ma san buɗaɗɗu ba ne.

Tambayar da aka fi yi min ita ce, to idan kowa na ganin kod ɗin ai ɓarawo ma yana gani, ba an nuna masa ƙofa kenan ba? Eh yana gani. Amma makullin kirki ko ka ba ɓarawo zanen yadda aka ƙera shi ba zai buɗe ba sai da ɗan makullin, wanda kuwa tsaronsa ya dogara da kada a san cikinsa to ranar da aka sani ya tashi aiki. Masu kutse kuma ba sa jiran a ba su kod, suna da hanyoyinsu na tona manhajar da aka rufe. Ku tuna WannaCry a watan Mayun 2017, bairos ɗin da ya kulle fayilolin mutane a ƙasashe sama da 150 yana neman kuɗin fansa har asibitocin Ingila ya tsayar wa da aiki, ai kwamfutocin Windows ya kama kuma kod ɗin Windows a rufe yake ruf. Abin takaicin ma Microsoft ta riga ta fitar da gyaran tun watan Maris, mutane ne kawai ba su yi afdet ba. A shekarar dai aka cusa muguwar manhaja cikin CCleaner, manhajar share tarkacen kwamfuta wadda kyauta ce amma rufaffiya, mutane sama da miliyan biyu suka sauke ta daga shafinta na gaskiya.

Amma Edita kada in yi son kai, domin mu masu son Linux muna da wani hali na cika baki kamar manhajar mu waliyyiya ce ba ta kuskure, ƙarya ne. Cewa kowa zai iya duba kod ba ya nufin wani ya zauna ya duba. A watan Afrilun 2014 aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, wato manhajar da ke ɓoye bayanai tsakaninka da shafin da ka shiga, kuskuren ya yi wajen shekara biyu a fili ba wanda ya lura, sai a lokacin duniya ta farga cewa mutane 'yan ƙalilan ne ke kula da abin da manyan kamfanoni suka dogara da shi suna ci suna goge baki. A Disambar 2021 aka sake kwatawa da wata buɗaɗɗiyar manhajar mai suna Log4j.

Wanda ya fi tsaya min a rai kuwa shi ne na XZ a 2024, bari in ɗan tsaya a kansa dan yana nuna fuska biyun gaba ɗaya. XZ wata 'yar ƙaramar manhaja ce ta matse fayil da ke cikin kusan kowane Linux, ba wanda ke tunawa da ita, mutum ɗaya ne ke ɗawainiya da ita shekaru a lokacin hutunsa ba albashi. Sai wani da ya kira kansa Jia Tan ya bayyana yana turo gyare-gyare masu kyau, a hankali a hankali, wasu asusun kuma suka dinga matsa wa mai manhajar lamba wai aiki ba ya sauri ya nemi mataimaki, har dai ya gaji ya ba wannan baƙon dama. Mutumin nan ya yi haƙurin sama da shekara biyu yana gina amana kafin ya dasa ƙofar baya a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, ya ɓoye ta cikin fayilolin gwaji inda ido ba ya zuwa, da ta yaɗu da ya samu hanyar shiga sabobi ba adadi. Da ɗan gari akan ci gari dai. To waye ya kama shi? Wani injiniya ne Andres Freund yana gwajin wani aikinsa daban, sai ya lura shiga na'urarsa ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa kuma yana cin ƙarfin na'ura fiye da kima, rabin daƙiƙa fa jama'a, ni da ko minti biyu ne sai dai in zagi netwok in ci gaba da harkata. Shi kuwa ya bi diddigi har ya tono abin, ya sanar a ƙarshen Maris, aka janye kafin ta shiga manyan fitowar Debian da sauran nau'o'in Linux da jama'a ke amfani da su. Wani zai ce kaga buɗewar ce ta ba mugu damar shiga, gaskiya ne, amma buɗewar ce kuma ta ba mutumin da ba aikinsa ba ne damar buɗe ciki ya gani. Da rufaffiya ce iyakarsa ya tura ƙorafi ya zauna jira.

Sai dai a gaskiya mai kwamfutar gida ba irin Jia Tan ne zai fi cutar da shi ba, inda yake sauke kaya ne. Tunda kowa na da izinin kwafar VLC ko GIMP to macuci ma zai iya kwafa ya cusa mata guba ya buɗe shafi mai kama da na asali sak, har ya biya kuɗin talla ya hau saman sakamakon bincike, kai kuma ka danna na farko da ka gani. Dan haka a duba adireshin da kyau, a tsallake wanda aka rubuta talla a gefensa, a guji shafukan nan da ke tara manhajoji dubu da maɓallan dawunlod manya manya guda biyar ba ka san na gaskiyan ba. Ko shafin asali ma akan ci shi wani lokaci, a Fabrairun 2016 masu kutse sun shiga shafin Linux Mint suka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen kwafi na ɗan lokaci kafin a gano, shi ya sa ake wallafa wata doguwar lamba ta SHA256 tare da fayil, ka lissafa ta wanda ka sauke ka gwada, idan harafi ɗaya ya saɓa to jefar da shi. Na san mutane na ƙyuyar wannan, ni ma ba kullum nake yi ba, amma in dai tsarin da zai riƙe kwamfutar gaba ɗaya ne to ina yi.

A nan ne ma nake ganin Linux ya yi wa mai amfani gata, domin yawancin abin da kake buƙata yana cikin rumbun manhajojin tsarin, an sa masa hannu an tantance, ba sai ka je yawon intanet ba, kuma afdet ɗaya zai sabunta maka komai da komai lokaci guda. Amma fa shi ma ba laya ba ne. Idan ka kwafo wani umarni daga shafin da ba ka sani ba ka manna da sudo a gabansa, wato kalmar da ke ba umarni cikakken iko a kan na'ura, ka zuba fasawod ɗinka, to kai ka buɗe ƙofa da kanka ba ruwan Linux. Haka manhajar da masu ita suka yi watsi da ita shekara biyar ba gyara, buɗewar kod ɗinta ba za ta tsare ka ba, kafin ka saka abu ka duba yaushe aka sabunta shi na ƙarshe. Ƙananan abubuwan da ake liƙa wa burawuza su ma a rage su. Sannan a ajiye kwafin muhimman fayiloli a wani diski daban da ba ya manne da kwamfutar kullum.

Maganar ta ƙara zama dole yanzu saboda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba alhali lafiyarsu ƙalau. Mai irin wannan na'ura ko dai ya zauna a kan tsarin da ɓarakarsa za ta yi ta taruwa, ko ya sayi sabuwa, ko ya gwada Linux Mint ko Ubuntu, kuma daɗin abin za ka iya kunna shi daga filash ka gwada komai ba tare da ka goge ko fayil ɗaya ba. Ba zan ɓoye ba akwai wahala, wani lokaci takardar da aka tsara a Word in ka buɗe ta a LibreOffice sai ka ga tebur ya goce, wata firinta sai an sha fama, wasu manhajojin sana'a kuma sam babu su a can, wanda abincinsa ya dogara da irin su ba zan ce ya yi tsalle ba. Amma mai rubutu da lissafi da kallo da shiga intanet ba abin da zai rasa. Ko gwamnatin jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocinta kusan dubu 30 kan LibreOffice, ba na jin dan rashin kuɗin lasisi kaɗai suka yi haka.

Roƙona gare ku Edita shi ne shafinku na kimiyya da fasaha ya ɗan riƙa taɓo wannan fanni, ko da sau ɗaya ne a wata a ɗauki manhaja guda a faɗi aikinta da ainihin adireshin da ake sauke ta, da Hausa yadda kowa zai gane. Shi kuwa abokin nawa sai da muka goge laftof ɗin kaf muka sake zuba komai, ya kwana yana canza fasawod, yanzu LibreOffice ɗin da ya raina ce a ciki, ko da yake har yau in ya buɗe ta sai ya yi ƙorafin wai maɓallan ba sa inda ya saba ganinsu.

Na gode da ba ni fili, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karanta ku kullum